Daga Bakin Kasuwa Zuwa Tafin Hannu: Tarihin Nishaɗi da Tsegumi a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne irin nishaɗin da ya cika akwatunan talabijin da wayoyin hannu a wannan zamani, musamman iri biyu. Na farko shi ne shirin da ake tara mutane a gida guda ko a wata gasa, a kafa musu kyamarori dare da rana, sa'an nan a ce da mai kallo abin da yake gani zamansu ne na haƙiƙa. A cikin wannan lacca zan riƙa kiransa shirin leƙen rayuwa. Na biyu kuwa shi ne labaran tsegumi a kan 'yan wasa da mawaƙa, watau wane ya auri wance, wance ta yi yaji, wane ya sayi mota.

Kukan da iyaye da malamai suke yi a kan waɗannan abubuwa sananne ne, ba sai na maimaita ba. Tambayar da ta dace da ɗalibin tarihi ita ce, shin wannan sabon abu ne a ƙasar Hausa? In kuwa ba sabo ba ne, mene ne ya sake? Zan ɗauki misalaina da yawa daga ƙasar nan tamu ta Jega da Aliero da Maiyama, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kasuwa da Fada

Wajen shekarar 1820 ne Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa garin Jega a bakin gulbin Zamfara, bayan rasuwar mahaifinsa a rikicin Kware na 1818. Kafin ƙarshen wancan ƙarni kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, mahaɗar fataken goro da na gishiri da na tufafi da na dabbobi. To, falke ba kaya kaɗai yake ɗaukowa ba. Yana tafe da labarin sarkin da aka tuɓe, da attajirin da ya karye, da auren da ya mutu a wani gari. Ranar kasuwa ita ce jaridar mutanen dā, kuma kamar kowace jarida, akwai gaskiya a cikinta, akwai ƙarin gishiri.

A wannan fili ne masu sana'ar baki suke baje kolinsu. Akwai maroƙa da sanƙirori masu kirari, akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai suna wa'azi a kan tuwo da fura, akwai kuma 'yan gambara waɗanda batsa da zagi su ne jarinsu. Masanin nan M. G. Smith, a wani nazari da ya buga a 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna cewa sana'ar tana da baki biyu kamar takobi: wanda ya ba da kyauta ya sha yabo, wanda ya yi rowa ya sha zambo. Ashe ke nan neman kuɗi da mutuncin mutane ya girmi rediyo, balle intanet.

Haka nan leƙen rayuwar mutane don a yi dariya daɗaɗɗen abu ne. A wasan gauta, matan fada suna kwaikwayon sarki da fadawansa, har da tafiyarsu da irin maganarsu, a gaban idonsu. A wasan kalankuwa, samarin ƙauye suna naɗa hakimi da alƙali da ɗan doka a tsakaninsu bayan an kawar da amfanin gona. A tashen watan azumi kuwa, gwauro na gaske ake bi har gida a kaɗa masa ganga, ba wani ɗan wasa ba. Idan kuma gasa ake so wadda ba a shirya ƙarshenta ba, ga dambe, ga kokawa, ga kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934.

Sukan waɗannan wasanni shi ma tsoho ne. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan kiɗe-kiɗe da bushe-bushe da cuɗanyar maza da mata a dandali, har ma an sami saɓanin fahimta tsakanin Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu a kan iyakar abin da za a yi rangwame a kansa, inda Malam Abdullahi ya fi tsanantawa. Duk da haka, ba a yi nisa ba sai ga fadojin jikokinsu cike da makaɗan taushi da na kotso. Daga cikin wannan al'ada ce aka sami Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda yau muke karantar da waƙoƙinsu a jami'a.

Abin lura shi ne, nishaɗin wancan zamani yana da linzami huɗu. Na ɗaya, ido da ido ake yi. Maroƙin da ya yi wa mutum ƙage gobe zai gamu da shi ko da danginsa a masallaci ko a makabarta, kuma Hausawa sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Mai ƙarya a garinsu ba ya daɗewa ana sauraronsa. Na biyu, sana'a ce da ake koyo. Yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin a sallame shi ya ja waƙa. Na uku, kowane wasa yana da lokacinsa: tashe sai azumi ya kai goma, kalankuwa sai da kaka, gambara sai ranar kasuwa ko biki. Na huɗu, akwai wurin kai ƙara, ko wajen sarkin makaɗa, ko wajen hakimi, ko wajen ubangidan mawaƙin. Ina roƙon masu sauraro su riƙe waɗannan abubuwa huɗu, domin sauran tarihin labari ne na yadda suka tsittsinke ɗaya bayan ɗaya.

Darasin Gambu

Kafin mu wuce, ya kamata mu tsaya a kan mutum guda daga ƙasar Maiyama, watau Alhaji Muhammadu Gambu na Fagada, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi, ya kuwa rasu a 2016. Ba na jin akwai wani misali da ya fi nasa amfani ga mai son auna nishaɗi.

Ga mutum ya zaɓi mafi ƙasƙancin sana'a a idon Bahaushe ya mai da ita abin waƙa. Yana kiran ɓarayi da sunayensu, yana ba da labarin fitarsu da dare, da kamunsu, da dukan da suka sha, da zamansu a gidan kaso. Masu sukarsa sun ce yana zuga ɓarna, yana sa yaro ya ɗauki sata jarunta ce. Masu kare shi sun ce tona asirin ɓarayi yake yi, yana nuna wa mai dukiya ta inda ake shigo masa, yana kuma tuna wa jama'a cewa ɓarawon zaune da mai satar da alƙalami ba su fi mai haura katanga tsarki ba. Wannan gardama ba ta ƙare ba har ya bar duniya. Amma abin da ɓangarorin biyu ba su yi musu a kansa ba shi ne gwanintarsa: Hausarsa ta Yamma tsantsa, iya jera labari, da barkwancin da ke sa wanda ya zo yin tir ya ɓuge da murmushi. Shi ya sa malaman Hausa suka yi ta nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i.

Darasin da ke nan shi ne, tambaya biyu ce muke cakuɗawa idan muna kukan lalacewar nishaɗi. Ɗaya ita ce, a kan me ake magana? Ɗayar kuwa, yaya aka sarrafa maganar? Ana iya ɗaukar ƙazamin batu a yi masa aikin gwani, har mai sauraro ya ƙaru da sanin halin ɗan Adam. Ana kuma iya ɗaukar batu mai tsarki a yi masa aikin ganin dama, ya fito lami, ba gishiri ba yaji. Wanda bai raba waɗannan tambayoyi biyu ba zai hana abin da ya kamata a gyara, ya kuma yaba abin da ba mai kallonsa.

Zamanin Gwamnati

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin, cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Watau jaridar Hausa ta farko da ta yi ƙarko an haife ta ne don yaƙi da ji-ta-ji-ta, sunanta ma shaida ne. Yana da kyau mu gwada ta da wata jaridar kwabo ta Amurka, New York Sun, wadda aka kafa a 1833. Ita wannan da kuɗin talla take rayuwa, saboda haka yawan masu saye shi ne ranta. A 1835 ta yi kwanaki tana buga labarin ƙarya cewa an hango halittu masu fukafukai a duniyar wata, ciniki kuwa ya yi ta haɓaka. Kwabo guda ne kuɗin kowaccensu, amma wanda yake biyan ma'aikata daban ne, don haka abin da suke nema wurin mai karatu ya bambanta.

Rediyo da talabijin na Arewa sun bi sawun Gaskiya. An buɗe talabijin na farko a Ibadan a 1959, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, na Sakkwato ya zo a tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. A wannan zamani ne aka yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo, da Karkuzu na Bodara. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda a lokacin suke cikin Jihar Sakkwato kafin a yanke Jihar Kabi a 1991, sukan taru a gidan mai akwati guda a unguwa ko a wurin kallo na ƙaramar hukuma.

Dattawa suna tuna wannan zamani da ƙauna, kuma suna da hujja, domin an yi wasanni masu ma'ana. Amma kada ƙauna ta rufe mana ido. Linzamin farko ya riga ya tsinke, tun da mai wasa ba ya ganin mai kallo. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ikon gwamnati. Gidan watsa labarai na hukuma ba ya tsegumin 'yan wasa, haka ne, amma kuma ba ya faɗin laifin gwamna. Tsabtar da muke yabo, rabinta tarbiyya ce, rabinta tsoro ne. Tsegumin kuwa bai mutu ba. Ya koma tasha da majalisar dare da kaset ɗin da ake sayarwa a bakin kasuwa, inda waƙoƙin su Gambu suka yi ta yawo.

Kasuwa Ta Karɓi Ragama

Shekarun 1990 su ne mararraba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. A 1992 dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. Kafin shekara goma sana'ar fim ta tsaya da ƙafafunta a Kano, ta haifi taurari, taurari kuma suka haifi mujallu. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a cikinta aka fara kiran sana'ar da sunan Kannywood, ta fito a 1998, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo ta a 1999.

Adalci ne a ce waɗannan mujallu sun yi aikin da tarihi zai gode musu. Duk mai son sanin yadda sana'ar fim ta tashi, da wanda ya shirya wane fim, da rigingimun 'yan kasuwa da masu shiryawa, dole ya koma ga tsofaffin kofensu. Suna da edita mai suna da adireshi, wanda aka ɓata wa suna ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai kuma a shafukansu ne mai karatun Hausa ya saba da sayen labarin auren ɗan wasa da mutuwar auren 'yar wasa kamar yadda yake sayen goro.

Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo ƙasar nan. A 2007 aka ga abin da haɗuwar waya da tsegumi za ta iya yi, sa'ad da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar wasa ya fita, ya bi wayoyin mutane gari gari. Aka dakatar da ɗaukar fim na watanni a Kano, aka tsananta dokoki, aka ɗaure waɗansu masu sana'ar, waɗansu suka yi ƙaura zuwa Kaduna da wasu garuruwa. Amma dubban mutanen da suka riƙa tura hoton daga waya zuwa waya, suna yi suna salati, ba wanda ya tambaye su. A nan ne linzami na huɗu ya tsinke, domin mai yaɗa abin kunya ya zama ba shi da suna, ba shi da gida.

Shirin Leƙen Rayuwa

A ƙasar Holan aka fara shirin Big Brother a 1999, an kuwa aro sunan ne daga littafin George Orwell na 1949, inda yake nufin mai mulkin da idonsa ba ya sauka daga kan talakawa. Abin da marubucin ya zana don tsoratarwa, shi 'yan kasuwa suka mayar abin sha'awa. An yi na Afirka a 2003, na Nijeriya a 2006, sa'an nan ya dawo da sunan Big Brother Naija a 2017. A zagayen 2020, masu shirin sun ce an kaɗa ƙuri'a fiye da miliyan 900, wanda ya ci kuma ya tafi da kyautar da ta kai naira miliyan 85.

Ya kamata ɗalibi ya san yadda ake dafa wannan tuwo. Da fari, ba a ɗebo mutanen haka kawai. Ana tantance dubbai a zaɓi waɗanda aka san zamansu wuri guda zai haifi faɗa ko soyayya. Sa'an nan a raba su da waya da labarin duniya, a ɗora musu gasa, a sa su zaɓi wanda za a kora. Daga bisani masu tacewa su tsinci 'yan mintoci daga cikin sa'o'i masu yawa, su jera su yadda wane zai fito mugu, wance ta fito abar tausayi. Kuɗin kuwa yana fitowa ne daga masu talla da masu biyan kuɗin tauraron ɗan Adam, su kuma yawan idanu suke saye. Saboda haka abin da ake kira zahiri shiryayye ne, sai dai an ɓoye hannun mai shiryawa. Ɗan dambe a fagen Jega ya fi wannan gaskiya, domin in ya faɗi, ƙasa ce ta shaida.

Yau wannan dabara ta sauko cikin tafin hannun kowa. A Facebook da YouTube da TikTok, kowane mai waya gidan talabijin ne, na'urar da ke zaɓo wa mutum abin da zai gani kuwa ba ta san kyau ko muni ba, abin da ya tsai da ido kawai take ƙirgawa. Zagi yana tsai da ido fiye da nasiha, don haka mai zagi yake samun kasuwa. Babu koyon sana'a, babu ranar kasuwa, babu kaka babu azumi. Gambara ce dare da rana. Linzami na biyu da na uku ke nan sun bi 'yan'uwansu.

Ma'auni da Magani

Tun da tarihi ya nuna cewa son labarin mutane hali ne na ɗan Adam, aikinmu shi ne mu sami mudun awo. Ina ba da shawarar tambayoyi huɗu ga kowane shiri ko labari. Shin gaskiya ne, in kuwa wasa ne, an faɗa cewa wasa ne? Shin akwai gwaninta a cikinsa, ta harshe ko ta tsari? Mutuncin wa aka sayar, kuma da yardarsa? Bayan an gama dariya, me ya rage a zuciyar mai kallo? Waƙar Gambu za ta ci tambaya ta biyu, a yi gardama a kan ta huɗu. Yawancin shafukan tsegumi na yau ba za su tsallake ko ɗaya ba.

Game da magani, hani kaɗai bai taɓa wadatarwa ba. Bai kashe kiɗa ba a ƙarni na 19, bai kashe fim ba a 2007, hukuncin bulala da tara da wata kotun Kano ta yanke wa waɗansu matasa biyu masu barkwanci a TikTok a 2022 bai rage masu shiga dandalin ba. Doka tana da wurinta, musamman wajen kare wanda aka yi wa ƙage ko aka tona wa asiri. A Ingila, jaridar News of the World, mai shekara 168, ta rufe a 2011 bayan an gano ma'aikatanta suna satar sauraron saƙonnin wayar mutane, masu talla kuma suka janye. Abin da ya kashe ta shi ne bincike da shari'a da ƙyamar masu saye.

Abu na biyu shi ne a cika kasuwa da kaya mai kyau. Musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, da gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC tun 2016, da karɓuwar da Daɗin Kowa ya samu bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, duk sun nuna jama'armu ba su ƙi abu mai kyau ba in an iya shirya shi. A nan kusa da mu akwai rayuwar da ta cancanci kyamara. Manomin albasa na Aliero, tun daga rainon iri har zuwa ranar da zai yanke shawarar ya sayar ko ya adana a rumbu, yana cikin fargabar da ta fi ta kowace gasar talabijin. Ga maɗoran Aliero da ake kawo wa masu karaya daga nesa, ga dillalan kasuwar Jega, ga masunta da manoman shinkafa na fadama.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa tsegumi da leƙen rayuwar mutane sun daɗe tare da mu, abin da ya sake shi ne mai biyan kuɗin kiɗan, da kuma linzaman da suka tsinke. Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatun watsa labarai da al'adu da ilmi, ina kira da a ware kuɗin shirya shirye-shirye na gida, a kuma kwashe tsofaffin faya-fayan da ke gidajen rediyo da talabijin a mayar da su cikin kwamfuta tun ba su ruɓe ba. Ga ɗalibai kuwa, ku sani duk abin da kuka buɗe ko kuka tura, kyauta ce kuka miƙa wa maroƙi, kuma maroƙi ƙofar da ake ba shi yake komawa. Ku duba wanda kuke ba.